Jakar Fata Don Kayan Dutse Da Burbushin Halittu: Inda Fata Ke Da Amfani Da Inda Take Yin Ɓarna

Tambaya: Na fara koyon dukanci don sha'awa, kuma na daɗe ina tara duwatsu masu burbushin halittun da, da 'yan kayan aikin dutse na mutanen farko, ciki har da gatarin aradu guda biyu. Ina so in ɗinka musu zabira da ƙananan jakunkuna na fata da hannuna, in riƙa fita da su, in kuma adana su a ciki. Wace fata zan saya, yaya zan ɗinka, kuma akwai abin da zan kiyaye?

Amsa: Malam, tambayarka ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba su tun da wuri, wato ɗauka da ajiya. Fata ba ta da na biyu wajen ɗaukar kaya a fili, wajen yin kube ga guduma da cizal, da wajen kare hannu da cinya. Amma wajen ajiyar shekara da shekaru, inda dutse zai kwanta jikinsa na taɓa fata, ba abokiyar tafiya ba ce. Ka sa fata ta zama rigar waje, abin da ke taɓa dutsen ya zama wani abu dabam. Duk sauran bayanin a kan wannan ya hau.

Haɗin fata da kayan dutse tsohon abu ne. Mutumin nan da aka tsinta cikin ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ake kira Otzi, ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, kuma a ɗamararsa akwai 'yar jakar fatar maraƙi ɗauke da makankarin dutse, da mahuji, da ɓallin dutse mai kaifi, da basillar ƙashi. Sai dai shi kayan aikinsa ne na yau da gobe, in sun dakushe ya gyara ko ya sake. Naka ba su da madadi.

Mu fara da fatar. Iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai wadda aka jeme da tsirrai, irin su bagaruwa ko ɓawon itatuwa, akwai kuma wadda aka jeme da wani sinadari da ake kira gishirin kurom, wadda ita ce ta fi yawa a kasuwannin duniya. Gane su ba wuya. Yanki ɗan gefe ka dubi tsakiyar naman: ta kurom takan nuna toka-toka mai ratsin shuɗi, sai fa in rini ya ratsa ta, ta tsirrai kuwa ruwan ƙasa ce har ciki. Ɗiga ruwa a fuskarta: ta tsirrai da ba a shafe ta da komai ba tana shanye shi nan take ta yi duhu, kuma in ka lanƙwasa ta da danshi ta bushe, haka za ta zauna. Ta kurom laushi gare ta, ba ta riƙe siffa. Kada ka gwada da wuta kamar yadda wasu ke yi, ƙona fatar kurom na iya fitar da sinadari mai guba.

Don kube da duk abin da ake so ya tsaya ƙyam, ta tsirrai ce, kauri milimita 3 zuwa 3.5. Don zabira mai naɗewa, ana son mai laushi, milimita 1.2 zuwa 1.6, ko fatar akuya wadda duk da rashin kaurinta tana da ƙarfi ƙwarai. In ka ga an rubuta kauri da oza, oza 1 daidai take da kusan milimita 0.4, ke nan fata mai oza 8 ta kai milimita 3.2. A jikin fata guda ma akwai bambanci: gadon baya da kafaɗa sun fi tsauri, ɓangaren ciki yana miƙewa kamar danƙo. Maɗauri da igiyar ratayawa daga gadon baya ake yanko su, a bi tsawon dabbar. Wanda ya yanko maɗauri daga ciki, bayan wata biyu zai ga ya ƙara tsawo jakar tana dukan gwiwa.

To, me fata ke yi wa dutse? Fatar da aka jeme da tsirrai tana da tsami a jikinta, wato asid. Ƙanƙarar dutse, irin wadda aka fi sassaƙa kibau da wuƙaƙe da ita, ba ta damu da wannan ba. Amma yawancin kwanson halittun ruwa da suka koma dutse, da dutsen farar ƙasa da suke kwance a ciki, kalsait ne, wato ma'adinin da ke cikin alli, kuma kalsait ba ya shiri da tsami ko kaɗan, ruwan khal ma yana cinye shi. In danshi ya shiga, fuskar kwanson takan dusashe, ƙananan zane-zanen da ake gane jinsin halittar da su su fara shafewa. Sannan ga mai da rini. Kowace fata tana ɗauke da mai daga wurin jima, kai ma za ka ƙara naka. Dutse mai ƙofofi, kamar dutsen yashi, alli, ko ƙashi, yana tsotse man nan kamar yadda takarda ke yi, kuma tabon ba ya fita.

Babbar matsalar tana ga fairait, ma'adinin nan mai ƙyalli kamar zinariya wanda ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Burbushi da yawa, musamman naɗaɗɗun kwansuna da ake kira amonait, da shi suka cika. Idan danshin iska ya haura kashi 60 cikin 100, fairait yakan fara haɗuwa da iska da ruwa, ya fitar da asid mai ƙarfi da wani gari fari ko rawaya mai warin farar wuta, dutsen ya tsattsage ya zama gari. Asid ɗin yana cin takardar suna, yana cin fatar, yana cin dutsen da ke kusa. Ana so a riƙe irin wannan a ƙasa da kashi 50, in ya riga ya fara ciwo ma a sauko kusa da 30. Ita kuwa fata ta fi jin daɗi a tsakanin 45 da 55, ƙasa da haka sosai sai ta bushe ta fara tsagewa, sama da 65 zuwa 70 kuma fumfuna ta kama ta. Ka ga buƙatun ba su zo ɗaya ba. Ƙari a kan haka, fata tana shan danshi ta riƙe shi a jikin dutsen. Saboda haka duk abin da ke da fairait, wurinsa robar da ke rufuwa ruf, da ƙullin ƙwayoyin silika masu tsotse danshi a ciki, a riƙa dubawa duk bayan 'yan watanni.

Akwai kuma ɓarnar da dutse ke yi wa fata. Ƙarfe da ruwan jima na tsirrai in suka haɗu da danshi, baƙi suke bayarwa, shi ya sa tun da can ake rina fata baƙa da ruwan tsatsa. Ka ɗora jiƙaƙƙen dutse mai ƙarfe a jiki, ko ƙarfen guduma, a kan farar fatar da kake aiki da ita na minti kaɗan, za ka ga tabo baƙi-shuɗi da ba sabulun da zai fitar. Tagulla kuma in ta daɗe a jikin fata mai mai, wani kore-kore mai danƙo take fitarwa. Don haka kada maɓalli ko ribit, wato 'yar ƙusar haɗa fata, ya leƙo cikin aljihu, in dole ne a sa shi, a lulluɓe bayansa da ɗan yankin fata.

Yanzu ga zabirar fita. Dokarta ɗaya ce: aljihu ɗaya, dutse ɗaya. A ma'aunin taurin ma'adinai na Mohs, ƙanƙarar dutse tana wajen 7, obsidiyan, wato gilashin dutsen aman wuta, wajen 5 da rabi, kalsait 3. In ka zuba su jaka ɗaya kana tafiya, mai tauri yana karce mai laushi, masu kaifi kuma suna ɓantarar juna. Wannan ɓantara ba ƙaramar asara ba ce, domin masana da bakin kayan suke karatu, da madubin ƙara girma suke gane ko da shi aka kankare fata, ko aka yanka nama, ko aka fere itace. Sabon ɓalli daga cikin jaka yana rikita wannan karatu. Makulli ko cizal ma in ya gogi dutse yana barin layin ƙarfe mai sheƙi.

Kowane abu ka fara naɗe shi, ko da takarda marar asid, ko da siririn soson roba na foliyetilin mai kaurin milimita 2 zuwa 3, ka sa a 'yar leda mai zik, sannan ya shiga aljihun fata. Ka guji auduga sakakka, zarenta yana maƙalewa a ƙayoyin burbushi ya ɓalle su wajen cirewa.

Wajen awon aljihu ne sababbin hannu suka fi faɗuwa, domin faɗin dutsen kawai suke aunawa su manta da kaurinsa. Naɗe dutsen yadda zai shiga, ka zagaya wurin da ya fi ƙiba da tsirin fatar da za ka yi aiki da ita, ka auna. Rabin wannan zagaye, da ƙarin santimita 1 na sarari, shi ne nisan da ke tsakanin layukan ɗinki biyu. Misali, gatarin hannu mai faɗin santimita 8 da kaurin 3, in an naɗe shi zagayensa zai kai wajen 20. Rabi 10, da ƙarin 1, aljihu ya zama 11. In da faɗi kawai ka bi ka yi 9, ba zai shiga ba, ko ya shiga da tursasawa bakinsa yana cin zare. Ka fara yanka fasalin a kwali ka gwada kafin wuƙa ta taɓa fata.

Zabira madaidaiciya takan yi santimita 45 a faɗi da 35 a tsaye. A naɗo ƙasa sama da santimita 12 ya zama jerin aljihu, a bar santimita 10 a sama ya zama marufin da zai kifo a kan bakunan don kada kaya su zube in an naɗe, sannan igiya ɗaya mai faɗin santimita 1.5 ta zagaye ta sau biyu. Fuskar fata mai santsi ta kalli ciki inda kaya suke in za ka iya, domin ɓangaren nama yana riƙe yashi, yashi kuwa sanfefa ne.

Ɗinkin da ya dace shi ne na allura biyu, zare ɗaya da allura a kowane ƙarshe, suna ratsa huji ɗaya daga ɓangarori biyu. Fifikonsa a kan ɗinkin keke shi ne, in zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗayan yana riƙe, ba ya warwarewa. Ja layi milimita 3 zuwa 4 daga baki. Huda da ƙarfen nan mai haƙora irin na cokali mai yatsu, tazarar milimita 3.5 zuwa 4, ka doke shi da gudumar roba ko ta katako, ta ƙarfe tana lalata kansa. Ko ka yi alama kawai ka huda da basilla ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka zaɓa, ƙarfen ya tsaya a miƙe, in ya karkata gaba zai yi kyau baya ya yi kamar sawun maciji. Zare mai kaki, kaurin milimita 0.6 ga siririyar fata, 0.8 zuwa 1 ga kube. Tsawonsa ninki 4 na layin, a fata mai kauri ninki 5. Allurar dukanci ba ta da tsini, don kada ta tsaga zaren da ya riga ta shiga. Kullum ka fara da hannu ɗaya, ka kuma bi tsari ɗaya wajen wace allura ke hawa kan wace, nan ne kyan layi yake. A ƙarshe koma baya huji 2 ko 3, yanke, in zaren roba ne ka ɗan narkar da bakinsa. Bakin kowane aljihu, inda ake ja kullum, ka zagaya shi sau biyu, can ne ɗinki ke fara mutuwa.

Gam don riƙe fata kafin ɗinki ne kawai. A shafa siriri a ɓangarorin biyu, faɗin milimita 5, a jira minti 5 zuwa 10 har ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. In fuska mai santsi ce a ɗan karce ta tukuna. Bayan an gama aiki, a bar jakar a buɗe tana shan iska na wasu kwanaki, warin gam da na rini su fita kafin a sa komai.

Kuben guduma da cizal shi ne aikin da fata ta fi cancanta da shi. A nan abu ɗaya ne ba a tsallakewa: tsirin fata mai faɗin santimita 1 da ake sakawa tsakanin gaba da baya, a ɗinke ukun tare. Bakin cizal sai ya riƙa cin wannan tsiri maimakon zare. Kuben da ba shi da shi, sati kaɗan tsini zai leƙo. In kana so ya ɗauki siffar kayan, tsoma fatar a ruwa mai ɗumi-ɗumi har ta yi laushi, naɗe ƙarfen da leda sosai saboda baƙin tabon nan, saka shi, ka danna da yatsu da santsin ƙashi ko katako, ka cire bayan awa ɗaya ko biyu, ka bar shi ya bushe a inuwa kwana guda. Ruwa mai zafi sosai yana ƙanƙance fata ta yi tauri kamar itace ta riƙa karyewa, haka ma busarwa a rana ko kusa da wuta. Kuma kada ka taɓa yin wannan gyaran siffa a kan gatarin aradunka na gaske. Sassaƙa kwatankwacinsa da katako ka yi aikin a kai. Ƙarfen ma, in an dawo gida a zare shi daga kube a goge, kwana da kwanaki a cikin fata tsatsa yake jawowa.

Bakin fata a goge shi da sanfefa, a ɗan jiƙa, a murza da tsumma mai kauri har ya yi sheƙi, a bi da kakin zuma. Mai kuwa a waje kawai, shafa ɗaya siririya. In ka rina, gwada da farin ƙyalle mai danshi, muddin launi na fita, aikin bai gama ba. Cikin zabira dai gara a bar shi yadda yake, ba rini ba mai.

Wani kuskure da sha'awa ke jawowa: mutum ya ce bari ya gwada tsohon makankari a kan fata ya ji yadda mutanen da suka ji. Minti biyar na wannan gwaji yana shafe sawun aikin dubban shekaru. In kana son wannan ɗanɗano, fasa sabon dutse. Sabon ɓallin ƙanƙarar dutse yana yanka fata tsaf. A nan ma dukancinka zai yi rana: shimfiɗar cinya mai kaurin milimita 3 ko fiye, kamar santimita 25 da 30, da ɗan yanki na tafin hannu. Sa tabarau na kariya, ka yi a waje inda iska ke kaɗawa, domin ƙurar ƙanƙara tana taruwa a huhu ta haifar da ciwon da ba ya warkewa. Shimfiɗa tamfol ka tattara ɓaraguzan ka zubar tare da sharar zamani, kuma duk abin da ka sassaƙa ka rubuta masa shekara, don kada wani ya tsince shi gobe ya ɗauka na da ne.

Af, tunda zancen ya zo, ba kowane dutse mai kaifi ne aikin hannu ba. Ɓallin da mutum ya fasa yakan nuna ɗan fili a sama inda aka doka, da kumburi a ƙarƙashinsa kamar cikin kwanso, da layuka masu bazuwa kamar ruwan da aka jefa wa tsakuwa, sau da yawa kuma da jerin ƙananan ɓantara a baki ɗaya, a tsare. Wanda zafi ko sanyi ya fasa ba shi da wurin duka.

Wajen tsabtace duwatsun, wanki kaɗan ya fi mai yawa alheri. Burushi mai laushi a bushe ya isa mafi yawan lokuta. Burushin waya, man shafawa, da fenti mai sheƙi duk ɓarna ne. Dutsen laka mai falle-falle in ya sha ruwa yakan rabe, fairait kuma ka riga ka ji labarinsa.

Abin da ya fi jakar muhimmanci shi ne lamba. Dutsen da ba a san inda aka samo shi ba ya rasa yawancin darajarsa ta ilimi. Ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka taɓa, da rula a gefe, rubuta wurin da lambobin taswira daga wayarka, da kwanan wata, da irin ƙasar ko shimfiɗar dutsen da ya fito. Saboda haka a zabirar ka ware aljihu ɗaya na ɗan littafi da fensir. A gida, hanyar gidajen tarihi ita ce a shafa ɗan ɗigon wani gam na roba mai suna Paraloid B-72 da aka narkar a ruwan sinadarin asiton, kamar kashi 20 cikin 100, a wurin da ba ya kan baki ko kan wani zane, ya bushe, a rubuta lamba da tawada marar gogewa, a sake rufewa da shafa ɗaya. Asiton yana cire shi duk ranar da aka so. Lambar nan ita za ta kasance a littafi da kuma kan ledar. Kada ka dogara da lambar da ka buga a jikin aljihun fata, kaya suna sauya aljihu.

Kafin ka ɗauki komai kuma, ka san dokar ƙasar da kake da izinin mai filin. A ƙasashe da yawa kayan tarihi mallakar hukuma ne ko da a gonarka ka same su, fitar da su waje kuma laifi ne. A Amurka, tono ƙasusuwan dabbobi masu ƙashin baya a filin gwamnatin tarayya sai da takardar izini. A Ingila akwai tsarin da mai tsintuwa ke kai abin da ya samu a rubuta shi a rajista. In ka tarar da kayan dutse da yawa a wuri ɗaya, da ɓaraguzansu, wannan mazauni ne ko wurin sassaƙa, yadda suke a warwatse shi kansa bayani ne. Hoto da lambobin wurin za ka ɗauka, ka sanar da gidan tarihi ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'a mafi kusa.

Don ajiyar gida, nemi akwatin roba ko na ƙarfe mai fenti, mai aljihun tebur marasa zurfi, ka shimfiɗa soson foliyetilin ka yanka wa kowane dutse gurbinsa. Ka guji ɗanyen katako, musamman na itacen oak, da kwali na banza, suna fitar da tururin tsami da ke sa kwanso ya yi farin gari. In kana son aikin hannunka ya fito a nan ma, lulluɓe bayan akwatin da fata, ka yi masa maɗauri da hannun ɗauka, ka ɗinka wa littafin rajistar bango. Gatarin aradun nan biyu, da yake yawanci dutse ne mai tauri da aka goge, za su jure kwana ɗaya ko biyu a zabira in za ka kai su a gani, a cikin ledarsu, kowanne a aljihunsa, bakin yana kallon ƙasa.